Ɓargo a Tarihin Abincin Jarirai: Daga Tukunyar Ƙauri zuwa Kwanon Ɗan Goyo

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bin sawun abinci guda ɗaya, watau ɓargo, domin mu ga irin matsayin da ya riƙe a cikin abincin jarirai a wurare da zamuna dabam-dabam, sa'an nan mu dubi inda ƙasar Hausa ta tsaya a cikin wannan tarihi. Abin da ya jawo hankalinmu kuwa shi ne, a shekarun baya-bayan nan wasu iyaye a Turai da Amurka sun koma ba 'ya'yansu ɓargo a matsayin abincin farko bayan nono, suna kuma yayata shi a intanet kamar wani sabon abu da aka tono. Mu da muke da mahauta a kowace kasuwa, muke kuma da yara masu fama da tamowa a kowace unguwa, bai kamata mu karɓi maganar ido rufe ba, bai kuma kamata mu yi watsi da ita ba. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya cikin 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Ke nan duk wata magana a kan abin da ake sa wa ɗan goyo a baki magana ce ta rai da mutuwa.

Tun da fari ya kamata mu faɗi abin da muke nufi. Ɓargo mai ƙugiya muke magana a kai, ba bargon rufa ba, domin sau da yawa na'urar buga rubutu takan cinye ƙugiyar ta bar mai karatu cikin ruɗu. Ɓargo shi ne abin nan mai taushi da maiƙo da ake samu a cikin ramin ƙashi. Iri biyu ne. Akwai ja, wanda yake cikin haƙarƙari da ƙashin ƙugu da ƙasusuwan ƙananan dabbobi, shi ne masaƙar jini. Akwai kuma mai ruwan ɗorawa, wanda yake cika dogayen ƙasusuwan babbar dabba irin na cinya da ƙwauri, shi kuwa kusan dukkansa kitse ne. Laka, wadda take bi ta cikin ƙashin baya, ba ɓargo ba ce, ko da yake wasu sukan haɗa su. Wannan bambanci zai yi mana amfani nan gaba.

Mutanen dā da likitocinsu

Babu shakka cin ɓargo tsohon abu ne ƙwarai. A Bouri ta ƙasar Habasha masu haƙar kayan tarihi sun sami ƙasusuwan dabbobi da aka farfasa da dutse, waɗanda aka kiyasta sun kai shekara miliyan biyu da rabi. A kogon Kesem da ke kusa da Tel Abib kuma, binciken da aka buga a 2019 ya nuna mutanen da suka zauna wurin tsakanin shekara 420,000 da 200,000 da suka wuce sukan ajiye ƙafafun barewa da fatarsu har tsawon makonni, sai sun bukata su fasa su ci ɓargon. Rumbu ke nan tun kafin a san noma. Amma fa masu kafa hujja da wannan suna cewa ɓargo ne abincin jariran farko sun wuce gona da iri, domin fasasshen ƙashi yana nuna an ci, ba ya nuna wanda ya ci.

Idan muka gangaro zamanin rubutu, sai mu tarar manyan likitocin dā hatsi suka sa a gaba. Soranus, wanda ya yi aiki a Rum a ƙarni na biyu Miladiyya, ya ba da shawarar a fara ba jariri ɓarɓashin gurasa da aka jiƙa da madara ko ruwan zuma idan ya kai kimanin wata shida. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya bi kusan wannan tafarki a cikin Alƙanun: a yaye yaro sannu a hankali, a fara da gurasar da aka tauna masa, sa'an nan wadda aka jiƙa. Kitsen dabba ya shigo maganarsu ne ta ƙofar magani, kamar shafa kitsen kaza ko ƙwaƙwalwar zomo a dasashin yaro lokacin haƙori. Wannan ra'ayi na fifita abinci mai laushi na hatsi ya daɗe yana mulki daga Bagadaza har Landan.

Ɓargo a hannun likitocin Turai

Darajar ɓargo a idon likitocin Turai ta ɗaga ne a 1868, shekarar da Ernst Neumann a Jamus da Giulio Bizzozero a Italiya, kowa a gefensa, suka nuna cewa a cikin ɓargo ake ƙera ƙwayoyin jini. Daga nan sai tunani ya tafi kai tsaye: tun da ɓargo ne yake yin jini, ai wanda ya ci shi zai sami jini. A 1894 Thomas Fraser na Edinbara ya buga rahoton wani mai tsananin ƙarancin jini da ya yi wa magani da ɓargo. 'Yan kasuwa ba su yi barci ba. A 1899 aka fara yin wani abin lasa mai suna Virol a masana'antar Bovril da ke Landan, wanda aka haɗa da ɓargo da ruwan tsiron sha'ir da ƙwai, aka kuma yi shekaru da dama ana tallarsa ga iyayen yara ramammu a Ingila. Sai dai a 1926 George Minot da William Murphy a Amurka suka tabbatar cewa hanta ce take warkar da wancan irin ƙarancin jini, aikin da ya sa suka sami kyautar Nobel a 1934 tare da George Whipple. Tun daga lokacin hanta ta karɓe rawanin, aka bar ɓargo da abin da yake da shi na gaskiya, watau maiƙo.

A daidai wannan zamani ne wata likitar yara ta Amurka, Clara Davis, ta yi wani gwaji da ya cancanci mu tsaya a kansa. Likitocin lokacin sun kasance suna auna wa jariri abinci da ma'auni da agogo, iyaye kuma suna ta kukan yara sun ƙi ci. Sai ita ta tambayi kanta: shin idan aka ƙyale yaro ya zaɓa da kansa, me zai faru? Ta tara jarirai goma sha biyar, masu wata shida zuwa goma sha ɗaya, waɗanda ba su riga sun saba da abincin manya ba. A kowane lokacin cin abinci akan jera wa yaro ƙananan kwanoni a faranti, kowane da abu guda, ba gauraye, ba kayan yaji, gishiri ma a kwanonsa dabam. An hana masu jinya miƙa kome, sai abin da yaro ya kai wa hannu ko ya nuna. Jerin abincin ya haura iri talatin: madara, ƙwai, ayaba, lemo, dankali, hatsi iri-iri, kifi, naman sa da na rago, hanta, ƙoda, ƙwaƙwalwa, da ɓargo. Ta buga sakamakon farko a 1928, ta kuma buga bayanin ƙarshe a 1939. Yaran sun ci ɓargo da ƙwaƙwalwa da hanta ba tare da ƙyama ba, kowa ya haɗa nasa irin tsarin mai ban mamaki, duk kuma sun girma lafiya lau, har da waɗanda suka zo da ciwon lanƙwasar ƙashi.

An sha ɗaukar wannan gwaji a matsayin shaidar cewa jikin yaro ya san abin da yake bukata. Ita kanta Davis ta yi gargaɗi cewa asirin yana cikin jerin abincin ne, domin babu sukari, babu alewa, babu wani abin banza a farantin, saboda haka ko ina hannun yaro ya faɗa alheri ne. A namu ganin darasin tarihi da ke ciki ya fi haka sauƙi: ƙin ɓargo ko hanta ba halittar jariri ba ce, manya ne suke yanke abin da zai isa gabansa. Ba za mu wuce ba sai mun faɗi cewa yawancin yaran nan 'ya'yan mata matalauta ne da zawarawa waɗanda ba su da halin riƙe su, kuma da wuya wata hukumar kula da ɗa'ar bincike ta yarda da irin wannan aiki a yau.

Duk da haka kasuwa ba ta bi Davis ba. Kamfanin Gerber ya fara sayar da tataccen abincin jarirai a 1928, garin Pablum ya fito daga Toronto a farkon shekarun 1930, kafin a ankara garin hatsi na gwangwani ya zama abincin farko a Amurka da Turai. Cutar haukar shanu da aka gano a Birtaniya a 1986 ta ƙara nisanta mutane da kayan cikin saniya. A 1989 kwamitin Southwood ya shawarci masu yin abincin jarirai da su guji kayan ciki, gwamnati ta haramta ƙwaƙwalwa da lakar shanu a abincin mutane, sa'an nan daga Disamba 1997 zuwa Disamba 1999 aka hana sayar da naman sa da ƙashinsa ɗungum. Ashe ke nan iyayen da suke murnar gano ɓargo a yau jikokin masu lasar Virol ne.

Ƙasar Hausa: wa yake cin ƙashi?

Bahaushe ba ya bukatar wani ya gaya masa darajar ɓargo. Harshensa ma ya isa shaida, domin idan sanyi ko magana ta kai matuƙa sai ya ce ta ratsa shi har ɓargo, watau ta kai can inda babu sauran wurin zuwa. Abin tambaya shi ne ta wace hanya wannan abinci yake isa ga jariri a gidan Bahaushe.

Amsar tana cikin al'adar jego. Kwana uku ko huɗu bayan haihuwa, gwargwadon al'adar gari, akan yi ƙauri: maigida ya sayo ƙafafun saniya, wani wuri har da kai, a dafa su lugub da yaji da kayan ƙamshi, mai jego ta ci, a kuma rarraba wa dangi da maƙwabta. Ranar suna ga ragon suna, ga romo, ga kunun kanwa, ga wankan ruwan zafi safe da yamma har kwana arba'in. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa tsakanin 1949 da 1950 aka buga a 1954, ya nuna yadda jego da goyo da yaye suke da tsari tsayayye tun kafin zuwan Turawa. Hikimar da ke ƙarƙashin ƙauri a fili take: a ciyar da uwa, ita kuma ta ciyar da ɗa. Ɓargo da maiƙon ƙafar saniya sukan isa ga jinjiri ne ta hanyar nono. Tun da Alƙur'ani mai girma ya ambaci shekara biyu cikakku ga wanda yake son cika shayarwa, kuma al'ada ta tsananta wajen kunyata macen da ta yi rurrutsa, yaron Bahaushe yakan daɗe a kan wannan hanya.

Ba muna cewa duk abin da ke cikin jego alheri ne ba. Binciken da Davidson da Parry suka yi a asibitin koyarwa na Zariya cikin shekarun 1970 ya danganta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa da yawan shan kanwa da zafin wanka da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Haka nan matse dakashi a zubar, da ɗura wa jinjiri ruwa da dauri tun kwanakin farko, abubuwa ne da ilmin likita ya nuna illarsu. Amma ƙauri kansa tunani ne mai kyau.

Matsalar tana ɓullowa ne a watannin da nono ya daina isar yaro shi kaɗai, watau daga wata shida zuwa yaye. A nan ne ƙashi yake sauya hanya. Ƙauri na kwana ɗaya ne, jego na kwana arba'in ne, daga nan tukunyar gida ta koma tsarinta na kullum, inda tsoka da ƙashi mai ɓargo suke tafiya akushin maigida da na baƙi, yara manya su sami abin gwaigwaya idan an rage. Ɗan goyo kuwa rabonsa koko, ko kunu, ko ɗan tuwo da aka dama da miya. Ga kuma camfin da yake cewa yaron da aka saba masa da ƙwai ko nama zai tashi da kwaɗayi, har ya kai ga sata. Ko mene ne asalin wannan camfi, aikinsa a gida shi ne kare abinci mai tsada daga bakin wanda ba ya iya yin ƙorafi.

Koko da tamowa

Koko abinci ne mai daɗi, mai sauƙin haɗiya, amma yawancinsa ruwa ne. Idan aka jiƙa gero aka niƙa aka tace, dusa ta tafi da wani kaso na amfaninsa, abin da ya kwanta a ƙasa galibi sitaci ne, shi ma sai an tsinka shi ƙwarai kafin jariri ya iya sha. Cikin jariri kuwa ƙarami ne, abin da yake ɗauka a zama guda bai wuce kimanin giram 30 a kan kowane kilo na nauyinsa ba. Saboda haka yaro yakan ƙoshi alhali bai sami abin da jikinsa yake nema ba.

Wadda ta fara bayyana sakamakon irin wannan ciyarwa a rubuce ita ce Cicely Williams, likita 'yar asalin Jamaika da ta yi aiki a Ankara ta ƙasar Gana ta yanzu. A 1933 ta ba da bayanin wata cuta ta yaran da ake ciyarwa da kunun masara, masu kumburin ƙafa da sauyin launin gashi da saɓewar fata. A 1935 ta kira ta da sunan da mutanen Ga suke kiranta, kwashiyoko, watau ciwon yaron da ƙaninsa ya ture daga nono. Duk Bahaushen da ya san abin da ake nufi da rurrutsa ya gane wannan suna ba sai an yi masa fassara ba. Bayan haka hukumomin duniya sun shafe kusan shekara talatin suna ganin rashin furotin ne kaɗai matsalar, har sai da Donald McLaren ya fito a mujallar Lancet a 1974 ya ce an yi kuskuren lissafi, yawancin yaran nan abincin ne gaba ɗaya bai ishe su ba, musamman abin da yake ba da ƙarfi. Tarihi ya ƙara gaskata shi a ƙofar gidanmu. A yunwar 2005 a Jamhuriyar Nijar, musamman yankin Maraɗi, abin da aka ceci dubban yara da shi shi ne Plumpy'Nut, wanda André Briend da Michel Lescanne suka ƙirƙiro a Faransa a 1996. Ba wani abu ba ne illa tunkuzar gyaɗa da mai da madarar gari da sukari da sinadaran gina jiki, ƙunshi ɗaya mai giram 92 yana ɗauke da kalori 500. Maiƙo ne ya ba shi wannan nauyi.

Ta wannan fuska ce ya kamata mu auna ɓargo. Giram ɗaya na kitse yana ba da kalori 9, na sitaci kuwa 4. Ɓargon dogon ƙashin saniya mai ƙiba ya haura kashi 80 cikin ɗari kitse, saboda haka ƙaramin cokali ɗaya yana ba da kalori wajen 35 zuwa 40. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2003 sun kiyasta cewa yaro mai shan nono ɗan wata shida zuwa takwas yana bukatar kalori 200 a yini daga abinci, ɗan wata tara zuwa goma sha ɗaya 300, ɗan shekara ɗaya zuwa biyu kuma 550. Ke nan cokali guda da aka narkar cikin koko ya toshe kusan kashi ɗaya cikin biyar na bukatar ƙaramin cikinsu, ba tare da ya ƙara wa kwanon yawa ba. Ga taushi, ba ya bukatar haƙori.

Iyakarsa ke nan kuma. Masu yayata shi sukan ce yana cike da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, wanda tsohon zancen 1894 ne ya dawo da sabuwar riga. Jariri yana zuwa duniya da ajiyar ƙarfe da take ƙarewa wajen wata shida, kuma abin da zai cike gurbin shi ne hanta kaɗan, da tsoka da aka niƙa, da kifi, da wake, ba ɓargo mai ruwan ɗorawa ba. Furotin ɗinsa ma kaɗan ne. Sabuwar ƙa'idar Hukumar ta 2023 ta ce a ba yaro ɗan wata shida zuwa ashirin da uku abincin da ya fito daga dabba kowace rana, nama ko kifi ko ƙwai, kuma ɓargo shi kaɗai ba zai sauke wannan nauyi ba. Balle a ce ya maye gurbin nono. A 2015 wani kamfanin ɗab'i a Ostireliya ya fasa fitar da wani littafin girkin jarirai bayan likitoci sun yi kashedi a kan wani haɗi na romon ƙashi da hanta da aka tsara a madadin madara, saboda yawan bitamin A da ke ciki yana iya halaka jinjiri. Shawarar da Hukumar ta tsayar tun 2001, ta nono zalla har wata shida, tana nan daram.

Wanda zai ba ɗan goyo ɓargo, sai ya dafa ƙashin ya nuna sarai, ya zaro ɓargon, ya murje shi ta rariya saboda ɓarɓashin ƙashin da gatarin mahauci yake bari, ya kuma cire rabon yaro kafin a zuba gishiri da yaji da kanwa da dunƙule. Romon ƙauri yadda ake yi wa mai jego bai dace da cikin jariri ba. A bar laka da ƙwaƙwalwa a gefe, a tsaya ga ƙashin cinya da na ƙwauri daga dabbar da aka yanka tana da lafiya.

Akwai wani abu kuma da mahauta suka sani tun kafin likitocin dabbobi su rubuta shi. Kitsen ɓargo shi ne ajiya ta ƙarshe da jikin dabba yake taɓawa idan yunwa ta yi tsanani. Saniyar da ta rame a ƙarshen rani, idan aka fasa ƙashinta, sai a tarar ɓargon ya zama ruwa-ruwa, ja-ja, babu maiƙo. Daga bazara zuwa tsakiyar damina kuwa shi ne lokacin da rumbu yake yin ƙasa, zazzaɓi da gudawa suke yawaita, asibitocin tamowa suke cika. Watau a watannin da ɗan goyo ya fi bukatar maiƙo, a farkonsu ne ƙashin kasuwa ya fi rashinsa. A irin wannan lokaci man shanu da man gyaɗa da garin ƙuli-ƙuli su ne za su yi wa koko aikin da ɓargo yake yi, ɓargon kuma a tare shi da kaka da lokacin layya da ranar watanda, sa'ad da ƙashi yake shiga gidajen da ba su saba ganinsa ba.